Bishiyar Da Ka Rena: So Ne Ko Mallaka?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, akwai tambayar da kan taso wa mai neman tsarkin zuciya: mutumin da ya shekara talatin yana ban-ruwa ga dabinon da mahaifinsa ya dasa a lambunan Timiya ko Ingal, har ya san kowane reshensa, shin wannan shaƙuwa tana cikin son duniyar da shehunanmu suke gargaɗi a kai?

Ba mu kaɗai muke da irin wannan shaƙuwa ba. A Japan ana renon ƙananan bishiyoyi a cikin tukwane, ana kiransu bonsai, ana datse su ana lanƙwasa su, uba ya bar wa ɗa. Akwai wadda aka fara renonta tun 1625, ta tsira daga bam ɗin Hiroshima a 1945, iyalin da suka riƙe ta kuma suka bayar da ita kyauta ga Amurka a 1976. Wanda ya fara ba ta ruwa bai ga cikar surarta ba.

Mu mutanen Agadas muna da namu darasin. A kan hanyar ayarin gishiri zuwa Bilma akwai Bishiyar Tenere, ƙaya guda ɗaya tilo a tsakiyar rairayi. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a ƙarshen shekarun 1930, sai aka tarar saiwoyinta sun nutsa fiye da mita 30 suna neman ruwa. Ba ta da mai ita, amma masu ayari ba su karya reshenta don dafa shayi ba, ba su bar raƙuma sun cinye ta ba. A 1973 wata babbar mota ta buge ta ta faɗi. Aka kai gangar jikinta gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Ta ƙarfen ba ta bushewa, ba ta kuma toho. Duk wanda yake so abin da ya rena ya tsaya yadda ya saba ganinsa, kada ya canza, kada ya mutu, kada ya koma hannun wani, to ta ƙarfen yake nema, ko da bai sani ba. Anan ne so yake rikiɗewa ya zama mallaka, mallaka kuma ta zama hijabi tsakanin bawa da Ubangijinsa.

Son abin da ka rena ba laifi ba ne, rahama ce Allah Ya sanya a zuciya. Ma'aunin shi ne wannan: za ka iya datse reshen da kake ƙauna idan hakan ne lafiyar bishiyar? Za ka iya koya wa ƙaninka ban-ruwanta, ka yarda 'ya'yanta mafi zaƙi su zo bayan ranka? In fari ya kashe ta, za ka yi baƙin ciki ba tare da ƙorafi ga hukuncin Mai ita ba?

Haka uba yake da ɗansa, haka malami yake da almajirinsa. Amana aka ba ka, ka shayar, ka miƙa.

Allah Ya tsarkake zukatanmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.