Hasken Leza da Tambayar Sababi

Kiristal shi ne duk daskararren abin da ƙwayoyinsa suka jeru bisa tsari guda mai maimaita kansa. Gishiri kiristal ne, haka ma dutsen jifs da ake tonowa a tsaunukan Adar, wajen Keita da Buza da Madawa, ana kai wa masana'antar siminti ta Malbaza. Sukarin da ake zuba wa shayi shi ma kiristal ne, amma na wani jinsi daban, domin ginshiƙinsa kabon ne, sinadarin da aka gina jikin tsiro da na dabba a kansa.

Daga wannan jinsi na biyu masu bincike ke neman abin da zai ninka haske. A 1917 Einstein ya nuna cewa ƙwayar da aka ɗura wa ƙarfi, in haske ya gifta ta, tana sakin wani hasken irinsa sak, launi ɗaya, alƙibla ɗaya. Idan aka tsare hasken tsakanin madubai biyu yana kai da komo, sai ya yi ta ninkuwa har ya fito siriri mai kaifi. Wannan ne leza. Na farko Theodore Maiman ya harhaɗa shi a Amurka a 1960 da dutsen yaƙutu. A 1966 aka samu leza daga ruwan rini. Antarasin kuwa, wani sinadari na jinsi na biyu da ake tacewa daga kwaltar kwal, tun 1963 Martin Pope ya sa kiristal ɗinsa ya yi haske da wutar lantarki. Wasu irin waɗannan kiristal ba sa ma buƙatar madubi, don gefunansu masu santsi ne ke mayar da hasken ciki. Babbar wahalar da ta rage ita ce yawancinsu sai an haska su da wani lezan kafin su yi aiki.

Abin da ya shafi tauhidi yana cikin wani al'amari da masu binciken suka saba gani. Sinadari ɗaya yana iya daskarewa bisa jeri biyu mabambanta. A jeri ɗaya ya haskaka sosai, a ɗayan hasken ya dushe, alhali ba a ƙara masa kome ba, ba a rage ba. To ina ikon haskakawar yake? A cikin zatin abin, ko a cikin jerinsa, ko kuwa a wajensu duka?

Tambayar tsohuwa ce a zaurukan karatu na ƙasar Hausa. Littattafan Imam Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, sun raba hukunci gida uku: na hankali, na shari'a, na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne haɗin da ake gani tsakanin abu biyu saboda yawan maimaituwa, kamar wuta da ƙuna, ba tare da ɗayan yana da tasiri na ƙashin kansa ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga: ido yana ganin ƙuna a lokacin haɗuwarsu, amma bai ga cewa wutar ce ta halicci ƙunar ba. A wannan mahanga, wadda ita ce ta Ash'arawa, Allah ne ke halittar hasken a duk sa'ad da sharuɗɗan suka cika, bisa al'adar da Ya gudanar.

Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, bai yarda ba. A wurinsa, wanda ya ƙaryata ɗabi'un abubuwa ya rushe ilimi, domin da ɗabi'arsa ake sanin kowane abu, kuma hikimar Mahalicci a cikin waɗannan ɗabi'u take bayyana.

Kiristal mai jeri biyu yana matsa wa kowane ɓangare. Yana nuna cewa zatin sinadari shi kaɗai bai isa ya bayyana hasken ba, abin da Ash'arawa za su karɓa hannu biyu. Amma kuma ana iya lissafa jerin da zai haskaka tun kafin a daskarar da shi, lissafin kuma wani lokaci yakan yi daidai, wanda ya fi ƙarfin a kira shi sabo na ido kawai. Awo a ɗakin gwaji ba zai raba gardamar ba, domin ɓangarorin biyu sakamako ɗaya suke tsammani daga kowane gwaji. Saɓaninsu yana kan ma'anar haɗin ne: Ash'arawa suna ganin saɓa masa mai yiwuwa ne a hankalce, nan ne gurbin mu'ujiza, Ibn Rushd kuwa yana ganin haɗin ya lizimci ɗabi'ar da aka halicci abin a kanta.