Haske da Inuwa a Madafa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mahaliccin haske da duhu, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW).

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, a babban gidan adana kayan tarihi na birnin Amsterdam, ƙasar Holand, akwai wani ɗan zane na fentin mai wanda Yohanes Fermir ya yi wajen shekarar 1660. Tsawonsa bai kai rabin mita ba. Babu sarki cikinsa, babu attajiri. Wata ƴar aiki ce tsaye a madafa tana tsiyaya madara cikin kasko, ga burodi bisa tebur.

Malamanmu na Malikiyya sun haramta surar mai rai wadda ke da inuwa, wato gunki, sun karhanta wadda ke shimfiɗe bisa allo ko ƙyalle. Saboda haka ba mu ce kowa ya rataya zanen a ɗakinsa ba. Izina muke nema.

Haske ya shigo ta taga daga hagu, ya sauka bisa goshin matar, da hannuwanta, da madarar. Bangon da ke ƙarƙashin tagar yana cikin inuwa. Har ƙusar da aka kafa a bango an yi mata inuwarta. Shuɗin tufafin matar kuwa, daga wani dutse da ake haƙowa a Afganistan ake niƙa shi, fenti mai matuƙar tsada a zamanin. Mai zanen ya kashe shi kan baranya.

To, a gidajenmu, kan wa haske yake sauka? Baƙo ya ci tuwo a zaure, ya yi wa maigida godiya. Wadda ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta sha hayaƙi, ko sunanta bai ji ba.

Wani zai ce ba kowa ne zai zauna a zaure ba. Gaskiya ne, kuma inuwa ba aibi ba ce. A Suratul Furƙan, aya ta 45, Allah ya ja hankalinmu ga yadda yake miƙa inuwa, kuma da ita muke gane lokacin azahar da la'asar. Aikin da aka yi a ɓoye ya fi kuɓuta daga riya. Sai dai wannan riba ce tsakanin mai aikin da Ubangijinsa, ba ta zama hujja ga maigida ya jinkirta albashi ko ya hana hutu. A hadisin Abu Zarri, Manzon Allah (SAW) ya umarce mu mu ciyar da masu yi mana hidima irin cimarmu, mu tufatar da su irin tufafinmu, kada mu aza musu abin da ya fi ƙarfinsu.

Kowanenmu ya leƙa madafarsa yau, ya biya haƙƙi kafin ranar da asirai za su bayyana. Allah ya sanya mu cikin inuwar Al'arshinsa. Amin.