Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Bangaskiyar 'Ya'yanmu Bayan Sun Bar Gida

Kowace shekara, idan makarantu suka fara kiran sababbin ɗalibai, ikilisiyoyinmu sukan cika da addu'o'in sallama. Wannan zai tafi jami'a a Zariya, wancan Jos ko Makurɗi, wata kuma an tura ta bautar ƙasa a jihar da ba ta taɓa takawa ba. Akwai kuma waɗanda ba karatu ne ya fitar da su ba, kamar masu zuwa Abuja neman aiki, da masu shiga soja, da 'yan matan da aure ya kai wani gari. Fasto yakan sa musu albarka, Zumuntar Mata ta yi waƙa. Amma a zuciyar iyaye akwai tambayar da ba a cika faɗinta a fili ba: wannan yaro da bai taɓa fashin sujada a gabanmu ba, idan ya je inda babu mai tashinsa ran Lahadi da safe, zai tashi kuwa?

A ƙarƙashin wannan tambaya akwai wata wadda ta fi ta zurfi. Shin ana gadon bangaskiya? Ana gadon gona, ana gadon suna da harshe. Ɗan Kirista kuma yana gadon sunan Kirista tun ranar da aka haife shi. Amma dogara ga Yesu Almasihu abu ne da kowane mutum yake yi da zuciyarsa, ba mai yi wa wani. Abin da yaro yake riƙe da shi a gidan ubansa sau da dama aro ne, kuma ba laifi ba ne ya fara da aro. Laifin shi ne ya kai ranar fita daga gida bai mallaki tasa ba. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Kakanninmu da jikokinsu

Mu tuna yadda bishara ta zo mana. Masu mishan na SIM na fari sun iso ƙasar nan a 1893, na SUM suka sauka Wase a 1904, aka kuma soma aiki a Garkida a 1923. Mutanenmu da suka fara ba da gaskiya sun yi haka ne a gaban iyayen da ba su yarda ba. An kori waɗansu daga gida, an hana waɗansu mata, an ce sun ci amanar kakanni. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, tsofaffi da manoma suka zauna koyon karatu domin su karanta shi da idonsu. Ba wanda zai ce bangaskiyar waɗannan mutane ta aro ce, gama sun biya kuɗinta da tsada.

Jikokinsu kuwa an haife su ne a cikin abin da aka riga aka gina. Sun tarar da majami'a, da Makarantar Lahadi, da ƙungiyar mawaƙa, da addu'ar safe. Wannan albarka ce babba, amma tana tafe da haɗarinta: yaro yana iya yin shekara goma sha takwas a cikin ikilisiya ba tare da ya taɓa tsayawa ya yi zaɓi ba. Kakan ya sami bangaskiya ranar da ya bar gidan ubansa, jikan kuma yana iya rasa ta ranar da ya bar nasa. Littafin Mahukunta sura 2 ya ba da labarin irin wannan. Bayan mutuwar Joshuwa da dattawan da suka ga ayyukan Ubangiji, sai wata tsara ta taso wadda ba ta san shi ba, ko da yake iyayenta ne suka haye Urdun.

Samari biyu

Littafi Mai Tsarki ya ajiye mana samari biyu na gidan sarautar Yahuza da manyanta, waɗanda ya kamata kowane uba ya gwada su da juna.

Na fari shi ne Yowash (2 Tarihi 22 zuwa 24). Ba yaron da ya sami reno irin nasa. Tun yana jariri aka ɓoye shi a Haikali shekara 6, a hannun Yehoyada firist da matarsa. Ya hau gadon sarauta yana da shekara 7, ya yi mulki shekara 40. Shi ne ya sa aka gyara Haikali, har ya tsawata wa Yehoyada saboda jinkirin Lawiyawa. Amma marubucin ya sa wa nagartarsa iyaka, ya ce ta tsaya ne a kwanakin Yehoyada. Da tsohon ya rasu yana da shekara 130, sai shugabannin Yahuza suka zo suka rusuna wa sarki, shi kuwa ya saurare su, aka koma ga gumaka. Da Zakariya ɗan Yehoyada ya tashi ya yi faɗakarwa, sarki ya ba da umarni aka jajjefe shi a farfajiyar Haikalin da ya rene shi. Yowash mutum ne mai bin muryar da ta fi kusa da kunnensa. Muddin muryar ta kirki ce, shi ma na kirki ne. Da muryar ta sake, sai ya sake.

Na biyu shi ne Daniyel. An kwashe shi zuwa Babila yana saurayi, wajen shekara 605 kafin haihuwar Almasihu. Aka sa shi makarantar fada ta shekara 3, aka koya masa harshe da littattafan Kaldiyawa, aka sake masa suna. Ba uba, ba firist, ba Haikali. Ku lura, bai ƙi karatun ba, har ya fi sauran ɗalibai. Amma da aka zo kan abincin sarki, sai ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa ba, ya roƙi shugaban cikin ladabi a gwada su kwana 10 da ganyaye da ruwa. Ba wanda zai kai ƙararsa gida da ya ci. Da ya tsufa aka hana yin addu'a, sura 6 ta ce ya ci gaba da durƙusawa sau 3 a rana kamar yadda ya saba. Ramin zakoki ya tarar da mutumin da ya riga ya yi shekaru yana yanke ƙananan shawarwari shi kaɗai a gaban Allah.

Yowash ya girma a cikin Haikali ya fāɗi, Daniyel ya girma a Babila ya tsaya. Bambancinsu yana cikin wanda ya mallaki shawarar.

Tsaro kaɗai bai isa ba

Iyaye da yawa masu tsoron Allah suna ganin maganin abin shi ne a ƙara tsaro: a hana fita, a hana abokai, a hana tambaya, a sa bulala kusa. Akwai gaskiya a cikin tunaninsu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaro ƙarami kuma yana bukatar shinge. Amma shingen da bai taɓa matsawa ba tun yaro yana shekara 5 har ya kai 18, Yowash yake renowa. Irin wannan yaro ya koyi biyayya ga idon da yake kallonsa, ranar da idon ya kau kuwa, ba abin da ya rage.

Masu lambun tumatir da kabeji sun san wannan. Sukan fara yafa iri a wuri mai inuwa da isasshen ruwa. Amma idan lokacin dashe ya kusa, sai su riƙa rage ruwan, su janye inuwar kaɗan-kaɗan, domin shukar ta saba da rana tun tana hannunsu. Wadda aka cire daga inuwa aka kai ta fili rana ɗaya takan yanƙwane. Haka reno yake. Ga abubuwa huɗu da suke taimaka wa yaro ya mai da aro ya zama nasa.

Na ɗaya, a bar shi ya yi tambaya. Fitowa sura 12 da Maimaitawar Shari'a sura 6 duka sun ɗauka cewa wata rana ɗa zai tambayi ubansa ma'anar abin da ake yi, suka kuma umarci uban ya amsa da labarin ceton Allah. A makaranta ɗanku zai kwana ɗaki ɗaya da wanda yake tashi sallar asuba ba fashi, wanda zai tambaye shi da zuciya ɗaya me Kirista suke nufi da Ɗan Allah. Zai ji malamin da yake cewa addini tatsuniya ce. A wayarsa kuma zai ga mai wa'azin da yake sayar da albarka da kuɗi. Gara ya fara jin waɗannan tambayoyi a bakin ubansa, a kan tabarmar gidansu. Idan yaro ya kawo shakka aka ce masa shaiɗan ne ya shige shi, ba zai daina shakkar ba, zai daina kawo ta gida ne kawai. Manzo Bitrus ya bukaci masu bi su kasance a shirye su ba da dalilin begensu cikin tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3), wannan shiri kuwa a gida ake fara shi.

Na biyu, a riƙa miƙa masa ragamar da sannu. Yaron da ya kai shekara 12 ya isa ya bi da addu'ar iyali wata rana, ya karanta nassi ya faɗi abin da ya fahimta. Wanda ya kai 15 ya isa ya tashi da kansa, ya fitar da baiko daga kuɗin da ya samu da guminsa. Batun baftisma ma kada a mai da shi abin da ake yi domin tsararsa sun yi, ko domin kada a ce ɗan dattijon ikilisiya bai yi ba. Zai yi tuntuɓe, amma gara ya yi shi yanzu da akwai mai ɗaga shi.

Na uku, iyaye su san cewa gani ya kori ji. Uban da yake bi da addu'ar safe, sa'an nan ya biya kuɗi a kai ɗansa inda ake satar amsa a jarrabawa, ko ya rage masa shekaru a takarda, ya riga ya koya masa cewa Allah na Lahadi ne, sauran kwanaki na dabara ne. Uwar da take dawowa daga sujada tana yanka fasto da matarsa a gaban yara, ko iyayen da suke raba ikilisiya saboda ƙabila a lokacin zaɓen dattawa, kada su yi mamaki idan yaran suka guji majami'a da zarar sun sami 'yanci. Bulus ya shaidi bangaskiyar Timoti cewa sahihiya ce, ya kuma ce irinta ce ta fara zama a cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki (2 Timoti 1). Abin da ba na riya ba shi ne yake ƙetarewa daga tsara zuwa tsara.

Na huɗu, kada a sallami yaro zuwa sarari. Bulus ya rubuta wa ikilisiyar Roma su karɓi Fibi su taimake ta (Romawa 16). Fasto ya ba mai tafiya takardar shaida zuwa ga ikilisiyar garin da za shi, iyaye kuma su nemi wani gida na masu bi da zai riƙa leƙawa. Allah ya tanada mana ƙungiyoyi domin wannan: FCS da aka kafa a 1957, NIFES ta manyan makarantu tun 1968, da NCCF ta masu bautar ƙasa. Makonnin farko su ne masu wuya, gama abokan da yaro ya fara samu su ne sukan zama muryar da ta fi kusa da kunnensa. Idan kuka kira shi a waya, bayan kun tambayi abinci da karatu, ku tambaye shi abin da yake so ku yi masa addu'a a kai.

Idan an yi duka, yaron ya bauɗe fa?

Dole a faɗi wannan domin iyayen da suke kuka a ɓoye. Karin Magana 22:6 ta nuna yadda tarbiyya takan bi mutum har tsufansa, gaskiya ce kuwa. Amma karin magana tana faɗin yadda al'amura suka saba tafiya ne, ba ta ƙwace wa yaro ikon zaɓi ba. Annabi Sama'ila mutumin Allah ne, duk da haka 'ya'yansa suka karɓi rashawa (1 Sama'ila 8). Hezekiya mai adalci ya haifi Manassa, Amon mugu kuma ya haifi Yosiya. Saboda haka ikilisiya ta daina nuna iyayen ɓataccen yaro da baki. Nauyinsu ya ishe su, abin da suke bukata shi ne masu tayawa da addu'a.

Kada kuma a yanke ƙauna. A Afirka ta Arewa, a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, an haifi Agustin a shekara ta 354. Uwarsa Monika ta rene shi da sunan Almasihu, amma da ya tafi karatu birnin Kartaj yana da wajen shekara 17, sai ya bi sha'awar jiki, ya kuma shiga wata ƙungiyar koyarwar ƙarya wajen shekara 9. Monika ba ta yarda da hanyarsa ba, ba ta kuma yanke shi ba. A 387 aka yi masa baftisma a Milan, a shekarar nan kuma ta rasu. Wannan yaron da ya sa uwarsa hawaye shi ne ya zama bishop na Hippo, ɗaya daga cikin manyan malaman ikilisiya. Uban da ke cikin misalin Luka sura 15 ma bai ɗaure ƙaramin ɗansa ba, bai kuma kulle ƙofa a bayansa ba. Da yaron ya dawo cikin hankalinsa, abin da ya tuna shi ne alherin gidan ubansa.

Ya ku iyaye, 'ya'ya amana ce daga wurin Ubangiji, ba za su dawwama a ƙarƙashin idonmu ba. Yehoyada ya yi shekara 130, duk da haka ranar tafiyarsa ta zo. Aikinmu shi ne mu shuka, mu yi ban ruwa, mu janye inuwa a kan kari, mu kuma nuna musu Almasihu da halinmu, har su san shi da kansu. Mai sa girma Allah ne, shi kuwa yana Babila kamar yadda yake Urushalima. Ubangiji ya ba mu hikimar reno, ya kuma kiyaye fitar 'ya'yanmu da shigarsu. Amin.