Kuɗi Ƙare Magana? Tunani a Kan Gonakin da Suka Zama Filaye

Duk matafiyin da ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, ya taso daga Gidan Rumji ya ratsa Tsibiri da Maraɗi, ya wuce Cadawa da Agye har ya kai Gazawa, zai ga abu guda yana ta maimaita kansa a bakin kowane gari. Inda a da gero kan tsaya har bayan dangar gidan ƙarshe, yanzu ƴan duwatsun siminti ne a kakkafe, kowane da lambarsa. Ga tulin yashi da tsakuwa, ga bulo an shanya, ga katanga ta kai ƙirji an bar ta tana jiran kuɗin baɗi. Wasu gidajen an gama su, an rufa kwano, an sa ƙofar ƙarfe. Wasu filayen kuwa sun yi shekaru ba a noma su, ba a kuma aza musu ko tubali ɗaya ba. Hausawa kan yi wa kuɗi kirari da ƙare magana. Abin tambaya a nan shi ne: idan magidanci ya sayar da gonar gado aka yanka ta filaye, ya karɓi kuɗinsa a gaban shaidu, shin maganar ta ƙare ke nan?

Kafin a amsa, ya kamata a san inda wannan bunƙasa ta samo asali. Na farko dai jama'a ce ta ƙaru. Ƙidayar 2001 ta sami mutum wajen miliyan 2 da dubu 200 a jihar Maraɗi, ta 2012 kuwa ta sami miliyan 3 da dubu 400. A wannan ƙidaya ta biyu gundumar Gidan Rumji ta haura mutum 500,000, ta Agye tana da kimanin 246,000, ta Gazawa kuma kimanin 160,000. Na biyu, tsarin mulki ya sake. Zaɓen 2004 ya kafa ƙananan hukumomi da magadan gari waɗanda dole su nemi kuɗin shiga, kuma yankan filaye, wato lotisma, yana cikin hanyoyi mafi sauƙi na samunsa. A 2011 aka cire Gazawa daga Agye ta zama gunduma mai cin gashin kanta, ma'aikata suka zo, kowane yana neman wurin sa kai. Ita kanta gwamnati, a farkon shekarun 2000, ta biya ma'aikata da dama bashin albashinsu da filaye, har mutane suka saba ganin fili tamkar wani nau'in kuɗi.

Na uku, inuwar birnin Maraɗi ta faɗa a kan maƙwabtansa. Tun 1986 Emmanuel Grégoire ya nuna a littafinsa kan Alhazan Maraɗi yadda manyan ƴan kasuwa ke zuba ribarsu a gidaje da filaye. Buɗe jami'a a 2010, da ayyukan Maraɗi Kwalliya na bikin 18 ga Disamba 2015, da aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, duk sun ƙara wa ƙasar da ke bakin hanya daraja. Bugu da ƙari, tun daga 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo gundumar Gidan Rumji, har aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakwari. Kowane baƙo yana bukatar inda zai kwanta.

Ba adalci ba ne a ce gini sharri ne. Mai buga bulo ya samu, magini da lebura sun samu, mai amalanken da ke jido yashi daga gulbi ya samu, haka ɗan garuwa da mai walda da matar da ke kai tuwo wurin aiki. Saurayin da a da yakan tafi cin rani Kano ko Agadas yana iya samun na cefane a garinsu. Damanar 2024 kuma ta koya wa kowa darajar ginin ƙwarai, domin a jihar Maraɗi ambaliya ta fi yin kisa a duk faɗin ƙasar, gidajen ƙasa suka yi ta ruftawa, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, gwamnati kuma ta rage farashin siminti. Shi kansa Maraɗin yau ɗan lotisma ne: bayan ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari a bakin gulbi aka hau tudu aka ja tituna. Wanda ya nemi ɗaki mai ƙarfi domin iyalinsa bai yi laifi ba.

Shi ma mai sayarwa yana da hujja mai nauyi. Eka guda ta turawa, wato hekta, murabba'in mita 10,000 ce. In an cire hanyoyi da wuraren jama'a, za ta ba da filaye goma sha biyar zuwa ashirin masu mita 400. Ita wannan hekta, a ƙasar jigawa da ta gaji, da wuya ta ba da gero fiye da kilo 500 a damana. Manomin da ya yi wannan lissafi ya ga cewa kuɗin fili ɗaya ya fi abin da gonar duka za ta ba shi a shekara, ga ɗiya ta isa aure, ga mara lafiya a kwance, ga bashin da aka ci tun bazara, ba wanda zai kira shi wawa don ya sayar. Yunwar 2005 ta riga ta sa mutane da yawa jinginar da gonakinsu, wasu har yau ba su fanso ba. Gona tasa ce, ya gada daga ubansa, mai saye ya yarda, shi ma ya yarda. A ido, cinikin ya halatta.

Sai dai kuma kalmar "tasa" ita ce wurin da gizo ke saƙa. A tsarin gandu da aka sani a wannan yanki, maigida mai riƙo ne a madadin gida. Ƙannensa da ƴaƴansa suna yi wa gandu aiki wasu kwanaki, sauran kwanakin kowa ya tafi gamanarsa, matan gida ma kowace da tata gamanar inda take samun wake da kuɓewa da ɗan kuɗin biki. Rumbun gandu shi ke ciyar da kowa a tsakiyar damana. Da ƙasa ta yi kaɗan sai gandu ya fara watsewa, kuma binciken da Marthe Diarra da Marie Monimart suka yi a kudancin jihar a tsakiyar shekarun 2000 ya nuna cewa mata ne farkon waɗanda aka janye wa gona, wani lokaci ma da sunan kulle. Musulunci ya ba ɗiya mace rabin rabon namiji a gado, amma a ƙauyuka da yawa akan ce gonarta tana hannun yayanta, a ajiye. Ranar da yayan ya sayar, ajiyar ta tafi.

A ɗauki misali. Magidanci a bakin garin Cadawa ya sayar da gonar da ubansu ya bari, ya sayi babur, ya aurar da ɗiya, ya rufa kwano. Bayan wata biyu ƙanwarsa ta zo daga gidan mijinta ta ce, "Yaya, na ji an ce an kafa duwatsu a gonar Baba." Ya ce, "Haka ne, ƴar'uwa, ga naki," ya miƙa mata jika hamsin. Ta karɓa don kunya, ta yi godiya, ta koma. Ba a tambaye ta ba kafin ciniki, ba ta san nawa aka biya ba, kuma in aurenta ya mutu gobe babu inda za ta kafa hauya. A takarda ba a zalunci kowa ba. A cikin gidan kuwa an yanke wata igiya da ta daɗe tana riƙe da mutane.

Akwai wasu ma da ko jika hamsin ɗin ba za su gani ba. Akwai wanda aka ba aron gefen gonar shekara ashirin yana ci. Akwai Bafillacen da ke sauka bayan girbi, shanunsa su ci kara su bar taki, da burtalin da dabbobi ke bi zuwa mashaya. Mutanen gundumar Gidan Rumji ba su manta da Toda ba, inda a watan Oktoba 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, galibi mata da yara. Duk katangar da ta toshe hanyar dabbobi tana tura garke cikin gonar wani. Sannan akwai waɗanda ba a haifa ba tukuna, masu haƙƙi mafi rauni, tunda ba su da bakin magana ranar ciniki. Kuɗin fili yakan ƙare cikin shekara ɗaya ko biyu, gona kuwa tana ciyar da jika da tattaɓa kunne. Wanda ya musanya abu mai ɗorewa da abu mai ƙarewa ya ci rabonsa, ya haɗa da na waɗanda za su zo bayansa.

Magabata sun san wannan haɗari, shi ya sa suka yi masa shinge. Fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan Tsibiri da Gazawa, ya tanadi shufa'a: idan mutane suna tarayya a kan ƙasa ko gida da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da ikon biyan kuɗin ya karɓe. Hanafiyya ma sun faɗaɗa wannan haƙƙi har ga maƙwabci. Manufar ita ce kada yardar mutum biyu ta cutar da na uku. A manyan biranen duniya, inda ake gina benaye kowane iyali ya mallaki sashensa, an sake gano wannan gaskiya ta wata hanya. Dokar Faransa ta 10 ga Yuli 1965 ta bambanta abin da yake na mutum shi kaɗai da abin da yake na kowa, kamar rufi da matakala da tsakar gida, ta kuma sa masu gidan su zauna taro kafin a taɓa na kowa. Irin waɗannan benaye ba su iso Agye ko Gidan Rumji ba, amma gidan Bahaushe da zaurensa da rijiyarsa da rumbunsa ya riga su sanin tarayya. Bambancin kawai, a can doka ce ke tsare na kowa, a nan kuwa kunya da zumunta ne, su kuma ba su cika jure wa kuɗi mai yawa ba.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru ba. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ba haƙƙin da ya samo asali daga al'ada kariya daidai da wanda aka rubuta, ta kuma kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda aka fi sani da Kofo, da suka bazu daga gunduma zuwa ƙaramar hukuma har ƙauye, domin shaida ciniki da aro da jingina da gado. Amma takarda wanda ya je neman ta take karewa, kuma macen da ke cikin gida ko makiyayin da ke daji ba su cika zuwa ba.

Mai saye ma yana da nasa hisabin. Malaman fiƙihu sun ce wanda ya raya matacciyar ƙasa ya cancanci mallakarta. To, ina matsayin wanda ya sayi rayayyar ƙasa, ya sare itatuwanta, ya kafa duwatsu, ya bar ta shekara goma yana jiran farashi ya tashi? A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, manoma sun yi suna a duniya saboda renon tohon itatuwa a gonakinsu, har gawo da kalgo da sabara suka dawo inda fari ya share a shekarun 1970 da 1980. Gawon da aka yi shekara ashirin ana tattalinsa, yini ɗaya ya isa a kayar da shi. Wanda ya sayi fili don ya gina ya zauna, ko ya ba da haya, ya amfani gari. Wanda ya tara filaye goma ya kulle, ya hana manomi noma, ya kuma tsadar da wurin zama ga talaka. Ya kamata malaman makaranta su dubi wannan da idon basira, domin su ma suna cikin masu saye, kuma sau da yawa mai sayarwar uban ɗalibinsu ne.

Saboda haka kuɗi ba su ƙare magana ba sai an cika wasu sharuɗɗa. A raba gado kafin ciniki, kowace mace ta san rabonta, ta faɗi da bakinta ko za ta sayar. A sanar da mai aro tun kafin shuka. Magajin gari da sarki da Kofo su fitar da burtali da mashaya da filin makaranta da maƙabarta kafin a kafa dutse na farko, kuma kada a dawo daga baya a yanka su. Wanda ya sayar ya mai da wani kaso na kuɗin abin da zai ɗore, wata gona a nesa da gari, ko dabbobi, ko sana'ar ɗa, ko ya riƙe fili guda da sunan ƴaƴansa. Ƙaramar hukuma kuma ta auna yawan filayen da take yankawa da yawan gidajen da ake ginawa da gaske, tunda garin da ya ci gonakinsa don biyan albashin wata ya sayar da akuya ne ta dawo tana ci masa danga.

Garuruwan nan za su ci gaba da girma, ba mai iya hana su. Yaron da ke aji shida a Gangara ko Saye Sabuwa yau, nan da shekara goma sha biyar zai nemi ɗaki, zai kuma nemi tuwo, kuma dukansu biyu daga ƙasa ɗaya za su fito. Aikin malami da ƙungiyar al'adu shi ne su koya masa, su kuma tuna wa ubansa, cewa kafin a kira mai awo ana fara kiran ƴan'uwa a zaure. Allah ya sa a gane, ya kuma albarkaci ƙasa da mazaunanta.