Me Ya Sa Kake Gudun Alherin da Ka Roƙa?

Karatu: 2 Sarakuna 4:8-37
Ayar haddacewa: Nehemiya 8:10

Ina roƙonka ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta wurin nan tukuna, sa'an nan mu ci gaba tare.

Akwai wani irin tsoro wanda ba mu cika yin wa'azi a kansa ba. Mun san tsoron mutuwa, mun san tsoron yunwa da na mayu. Amma akwai mutumin da ya iya jimre wahala shekara da shekaru, ranar da daɗi ya ƙwanƙwasa ƙofarsa kuwa sai gabansa ya faɗi. In ya yi dariya da safe, sai ya wuni yana jiran kukan da zai biyo baya. In gida ya zauna lafiya mako biyu, sai ya ce lalle akwai abin da ke tafe.

Tsoron nan kuwa ba ya tsayawa a zuciya, yakan sauko zuwa hannu. Budurwa ta daɗe tana addu'ar miji mai tsoron Allah, ya zo, sai ta shiga tsokanarsa da faɗa har ya gaji ya tafi. Saurayi ya sha yawon neman aiki, ya samu, sai ya soma makara har a sallame shi. Magidanci ya bar giya wata 6, yara sun fara cin tuwo da nama, matarsa ta fara murmushi, sai ranar kasuwa ƙafarsa ta kai shi mashaya. In ka tambaye su, za su ce aikin magabta ne. Wani lokaci babu magabci ko ɗaya, mutum ne ya daɓa wa cikinsa wuƙa.

Matar da ta ce kada a sa mata rai

Matar Shunem mai arziki ce, mai kirki kuma. Ita ce ta shawarci mijinta su gina wa annabi Elisha ɗan ɗaki a bisa soro, suka sa masa gado da tebur da kujera da fitila. Da Elisha ya so ya sāka mata, ya aika a tambaye ta ko a yi mata magana wurin sarki ko wurin shugaban sojoji. Ta nuna ba ta bukatar kome, tana zaune cikin danginta. Gehazi ne ya tona abin da ta rufe: ba ta da ɗa, mijinta kuma ya tsufa.

Aka kira ta, ta tsaya a bakin ƙofa. Elisha ya faɗa mata baɗi war haka za ta rungumi ɗa. Ka lura da amsarta. Ba ta yi guɗa ba, ba ta durƙusa ta yi godiya ba. Roƙonsa ta yi kada ya ruɗe ta. Ba don ba ta son ɗa ba ne. Ta riga ta binne wannan bege, ta share kabarin, ta saba da zama haka nan. Tono shi ya fi mata zafi fiye da rashin.

Mu ma mun san wannan hali. Macen da 'ya'yanta suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wadda muke ce tana wabi, in ta sake haihuwa sai a sa wa jaririn suna Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba. Uwar tana ƙaunarsa kamar ranta, amma tana jin tsoron a gani. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Haka kuma wanda ya ga yunwar 1984, ko ya ga yadda fari da fara suka share gonaki a Nijar a 2004 har aka shiga yunwar 2005, ko rumbunsa ya cika bana, da wuya ya ci ya ƙoshi da kwanciyar rai.

Daga ina tsoron yake fitowa?

Na farko, tsohon miki ne, kamar yadda muka gani. Zuciya takan ce, in ban yi murna ba, ranar da aka ƙwace abin ba zan ji zafi sosai ba. Wannan lissafi ba ya fita. Wanda ya hana kansa murna, in hasara ta zo zai ji zafinta duka, ga shi kuma ya riga ya yi hasarar kwanakin daɗin da aka ba shi.

Na biyu, tsoron bakin mutane. An koya mana tun muna yara cewa kambun baka yana lalata abu mai kyau. Rufin asiri da kamun kai abu ne mai kyau, ba kowane alheri ake kai wa kasuwa ba. Amma in mai bi ya gaskata cewa bakin maƙwabci ya fi hannun Allah ƙarfi, har ya ɗaura wa ɗansa laya a ɓoye, ya ƙi ba da shaida a majami'a, to, ya ɗauki ikon Ubangiji ya miƙa wa ɗan Adam.

Na uku, shi ne ya fi zurfi: laifin da mutum bai yarda an gafarta masa ba. Yana cewa a ransa, irina bai cancanci wannan ba. Da yake Allah bai hukunta shi ba, sai ya ɗauki bulala ya hukunta kansa. Ka tuna da Bitrus a Luka sura 5. Da taru ya cika da kifi har jirage biyu suka fara nutsewa, bai yi tsallen murna ba. Faɗuwa ya yi a gaban Yesu yana roƙonsa ya rabu da shi, domin shi mai zunubi ne. Yesu bai tafi ba. Ya hana shi jin tsoro, ya kuma ba shi aiki.

Yadda tsoro yake rushe gini

Dubi Littafin Ƙidaya sura 13 da 14. Isra'ilawa sun iso Kadesh, bakin ƙasar alkawari. Musa ya aiki mutum 12, suka yi kwana 40 suna leƙen asirin ƙasar. Suka komo da rumman da ɓaure da nonon inabi guda daga kwarin Eshkol, wanda sai da mutum biyu suka ɗauko shi a sanda. Duk jama'a sun gani da idonsu. Amma mutum 10 suka ce mutanen ƙasar ƙattai ne, su kuwa kamar fara suke a gabansu. Jama'a suka kwana suna kuka, har suka shiga shawarar naɗa wani shugaba ya komar da su Masar.

Ka ji fa, Masar, inda aka bautar da su, inda aka jefa 'ya'yansu maza a kogi! Wahalar da suka sani ta fi musu sauƙi bisa alherin da ba su saba da shi ba. Babu Bakan'ane ko ɗaya da ya harba musu kibiya a daren nan. Da bakinsu suka sayi shekara 40 a jeji, duk mai shekara 20 zuwa sama ya mutu a can, sai Kalibu da Joshuwa.

Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba

Ba zan ce maka in ka karɓi murna ba za ka ƙara kuka ba. Yaron matar Shunem ya girma, ya je wurin ubansa a gona lokacin girbi, ya yi kukan ciwon kai, aka kai shi gida, ya mutu a cinyar uwarsa da tsakar rana. Abin da ta ji tsoro ya faru. Amma dubi abin da ta yi. Ta kwantar da shi a gadon annabi, ta rufe ƙofa, ta hau jaki zuwa Dutsen Karmel. Ta kama ƙafafun Elisha, ta tuna masa cewa ita ba ta roƙi ɗa ba, ta kuma ce ba za ta rabu da shi ba. Matar da dā ta tsaya a bakin ƙofa tana gudun bege, yanzu ita ce ta bi bege da gudu. Elisha ya yi addu'a, yaron ya yi atishawa sau 7, ya buɗe ido.

Ba kowace uwa ce aka mayar wa ɗanta a wannan duniya ba. Waɗansunku da kuke karanta wannan kun binne naku. Begenmu ba cewa kyauta ba za ta taɓa salwanta ba ne. Begenmu shi ne Mai bayarwa ba ya sākewa, kabarin Yesu kuma babu kowa a ciki. Saboda haka mai bi yana iya rungumar abin da aka ba shi yau da hannu biyu.

To, me za ka yi?

Ka fara da kiran abin da sunansa. Ka zauna ka tuna sau nawa abu ya fara yi maka kyau, ka ɓata shi da hannunka. Da me ka ɓata shi, da fushi, ko da giya, ko da jinkiri, ko da almubazzaranci? Ka faɗa wa Ubangiji a fili.

In tsohon laifi ne yake cinka, ka tuba, ka biya wanda ka cuta in da hali, sa'an nan ka tsaya a kan 1 Yahaya 1:9 da Romawa 8:1. Bashin da Almasihu ya biya a kan gicciye, kada ka ce sai ka sake biya.

Kada ka yanke babbar shawara a ranar da tsoro ya taso. Kafin ka mayar da kayan aure, ko ka bar aiki, ko ka taɓa jari, ka ba kanka kwana 3 na addu'a, ka kuma gaya wa fasto ko wani dattijon ikkilisiya ko uwar zumunta. In kuwa baƙin ciki ya hana ka barci da abinci makonni, ko tunanin kashe kanka yana zuwa maka, ka je wurin likita ba da jinkiri ba. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne.

Sa'an nan ka koyi yin murna kamar yadda ake koyon kowace biyayya. A Nehemiya sura 8, da Ezra ya karanta Shari'a a dandalin Ƙofar Ruwa, jama'a suka fashe da kuka. Shugabanni suka hana su, suka umarce su su je su ci mai maiƙo, su sha mai zaƙi, su aika wa wanda ba shi da kome, gama murnar da Ubangiji yake bayarwa ita ce ƙarfinsu. A makon nan ka dafa abu mai daɗi, ka ci da iyalinka, ka aika wa gwauruwa ko maraya da kwano guda. Murnar da aka raba da wani ba ta barin wuri ga tsoro.

Addu'a

Ya Uba na Sama, ka san mikin da ya sa nake tsoron alherinka. Ka gafarta mini inda na rushe abin da ka gina mini. Ka ba ni zuciyar karɓa da godiya, ka riƙe hannuna ranar da zan so in koma Masar. A cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.