Ha'inci a Cinikin Mota: Abin da ke Ɓacewa Tsakanin Sallama da Miƙa Makulli

Ha'inci shi ne mutum ya rage wa wani haƙƙinsa a ɓoye alhali an amince masa. Ya bambanta da sata, domin ɓarawo ba a ba shi amanar komai ba, katanga ya haura. Maha'inci kuwa da sallama aka shiga wurinsa, aka gaisa, aka yi musafaha, sannan ya yi aikinsa. A kasuwar hatsi ana kiran irin wannan tauye mudu, ko algus idan an cakuɗa mai kyau da marar kyau. Alƙur'ani ya keɓe sura guda, Suratul Muɗaffifina, da sunan masu tauye awo, kuma Imam Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya taɓo danshi a ƙasa, ya tsawatar wa mai shi don bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Wannan ɗabi'a ta bi zamani ta shiga cinikin motoci na hannu, inda take da wata siga da ba a cika ba ta muhimmanci ba: a sayar wa mutum mota da kayanta, a miƙa masa ita babu wasu daga cikinsu.

Mutanen Yankwashi, Roni, Gwiwa da Kazaure, waɗanda su ne ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Kazaure, da maƙwabtansu na Babura da ke masarautar Ringim, galibi Kano suke zuwa sayen mota. Tun kafin a cire Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta 1991 Kano ce kasuwarsu, kuma har yau ta fi musu Dutse, babban birnin jiharsu, sauƙin zuwa. Mafi yawan abin da suke saye na hannu ne: ko dai "Beljiyam", wato wadda aka shigo da ita bayan an hau a Turai ko Amurka, ko kuwa wadda ta riga ta sha titunan Najeriya. Shekaru da dama ta Kwatano motocin suke biyowa, har gwamnatin tarayya ta hana shigo da su ta iyakokin ƙasa na tudu daga 1 ga Janairu 2017. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, mota ta yi tsada, kayan gyaranta ma suka bi ta. Abin da a da ake bari a but ɗin mota ba a ko duba shi, yau yana da kuɗi a Kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da kayan gyaran mota a Kano.

Yadda cinikin ke tafiya sananne ne. Malamin makaranta daga Karkarna, hedikwatar Yankwashi, ko manomin da ya sayar da riɗinsa, zai sauka Kano da hantsi tare da bakaniken da ya yarda da shi. Dillali ya kai su wurin da aka jera motoci, a buɗe bonet, a saurari inji, a zaga da ita, a ɗaga shimfiɗar but a ga safaya kwance da jak da wilsifana a gefenta. A yi tayi, a ce albarka, a ƙara, har mai mota ya ce ya sallama. Sai a ba da kafin alƙalami, a ce a dawo jibi da cikon kuɗi, kafin nan an wanke ta an haɗa takardu. Kwana biyun nan su ne ƙofar ɓarna. Mai saye ya dawo zuciyarsa cike da murna, motar tana sheƙi, ga 'yan rakiya suna yi masa Allah ya sanya alheri, ga rana tana yin yamma yana son ya wuce Dambatta kafin magariba. Ba ya sake ɗaga shimfiɗar nan. Sai ranar da ƙusa ta huda masa taya zai san abin da ya faru.

Abubuwan da kan ɓace ba darajarsu ɗaya ba. Akwai masu sauƙi, irin su shimfiɗun ƙafa, abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a titi idan mota ta lalace. Akwai waɗanda musanya su ake yi: a cire batir mai ƙarfi a sa gajiyayye, ko a ɗauke safaya mai kyau a ajiye sudaɗɗiya wadda ta sha faci. Makulli na biyu kuwa ya fi yadda ake ɗaukarsa. Motocin zamani makullinsu na ɗauke da wata 'yar na'ura da sai inji ya gane ta kafin ya tashi, don haka yanko sabo aiki ne na mai kwamfuta, da kuɗi mai kauri. Ga kuma rashin kwanciyar hankali, tunda mai mota bai san a hannun wa ɗayan yake ba.

Mafi ɓoyuwa shi ne abin da bakanikai ke kira indomi. Wani sashe ne a jikin salansa mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, aikinsa tace hayaƙi, kuma an shafe cikinsa da ƙarafa masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Saboda su ake farautarsa a duniya baki ɗaya. A nan, mai walda kan tsaga kwanon, ya ƙwaƙule cikin, ya maida ya like, ta yadda wanda ya leƙa ƙarƙashin mota zai ga komai a wurinsa. Daga baya ne ƙarar mota za ta sauya, hayaƙinta ya yi wari, wata fitila ta kama a gaban direba. Sai kuma takardu, waɗanda su ne ran motar: takardar kwastan da ke nuna an biya duti, da shaidar mallaka, da yarjejeniyar sayarwa. Wanda aka ce masa "za a aiko maka da su" ya tafi da mota, a yankin da ke kusa da iyakar Nijar kamar Babura, inda jami'an kwastan ba sa yankewa a hanya, ya sayi fargaba da kuɗinsa.

Abin da ya sa wannan ya zama ha'inci tsantsa yana cikin hukuncin ciniki kansa. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a kotunan shari'a na Jigawa da Kano, ciniki ingantacce yana ƙulluwa ne da zarar an yi tayi an sallama, ba sai an tashi daga majalisi ba. Daga wannan lokaci motar ta zama ta mai saye, zamanta a wurin mai sayarwa kuwa zama ne na jiran cikon kuɗi da miƙawa. Hannun da ya shiga but ɗinta bayan sallama cikin dukiyar wani ya shiga. Kan tambayar mene ne ya shiga cikin ciniki, littattafan fiƙihu irin su Muhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa tun ƙarnoni, sun yi magana a kan abin da ke bin abin sayarwa ko da ba a ambace shi ba, kuma malamai na mayar da irin wannan ga al'adar mutanen wuri. Al'adar kasuwar mota ba ta da duhu. Duk wanda aka nuna wa mota da safayarta ya yi tayi, har da safayar ya taya. Mai son ya riƙe ta, wajibi ne ya faɗa kafin a sallama.

Masu wannan hali suna da amsoshi da suka saba bayarwa. Ta farko ita ce "haka ta zo". Wani lokaci gaskiya ne, domin mota kan bi hannaye da yawa daga tashar jirgin ruwa ta Legas zuwa Kano, kuma ana yi mata ɓarna a hanya. Amma wannan amsa tana kare wanda ya bayyana rashin tun farko ne kawai, ba wanda ya nuna abu sannan ya ɗauke ba. Ta biyu ita ce "yara ne", wato masu wanki da masu gadi. Yaran nan a ƙarƙashin wani suke aiki, shi ya ba su makulli, kuma mai saye da shi ya yi ciniki. Ta uku ita ce "ai ka gani ka saya", ko a nuna wani layi a jikin rasit da ke cewa kayan da aka saya ba a dawo da su. Malaman Malikiyya ba su yarda sharaɗin kuɓuta daga aibi ya wanke wanda ya san aibin ya ɓoye ba. Shi ma dillalin da ya haɗa cinikin ba shi da hurumin cewa nasa haɗawa ne kawai. Ya karɓi la'ada, sau da yawa daga ɓangarorin biyu, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ƙanƙantar abin ita ce garkuwarsa. Daga Kazaure zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 80 ce, daga ƙauyukan Yankwashi da Gwiwa kuwa ta fi haka. Mutum kan lissafa kuɗin mai zuwa da dawowa, da yinin da zai rasa, da yiwuwar a ce masa maigida ba ya nan, sai ya ga kuɗin jak bai kai wahalar ba. Maha'incin ya riga shi yin wannan lissafi, shi ya sa ya fi yi wa baƙo fiye da ɗan gari. Sai kuma kunya, wadda ta fi nisa ƙarfi. Yawanci dillalin ɗan garinsu ne, ko surukin wani ɗan'uwa, ko abokin karatu, kuma mutumin kirki na jin nauyin a ce ya tayar da magana a kan wilsifana bayan ya biya miliyoyi. Sai ya ce ya bar wa Allah. Haƙuri abin yabo ne, amma abin baƙin ciki ne matuƙa a ce kunyar mutanen kirki ta zama jarin wani, har yana sa ta cikin ribar da yake tsammani.

Cutarwar kuwa takan zarce kuɗin kayan nesa ba kusa ba. Mutum ne da iyalinsa, taya ta fashe musu da dare a tsakanin duwatsun Roni, babu mai faci kusa, ya buɗe but ya tarar da rami wayam. Ko a tsayar da shi a hanya, jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, su nemi safaya da abin kashe gobara, a ci shi tara a kan laifin da wani ya aikata. Direban Golf ko Sharon mai jigilar 'yan kasuwa, wanda bashi ya ci ya sayi motar, batir ɗin da aka musanya masa na iya cinye masa ranar kasuwa guda. Su kansu 'yan kasuwar mota masu gaskiya suna biyan wani kaso na wannan ɓarna, domin idan labari ya zaga gari, kowa kan zo musu da zargi, ya taya ƙasa da ƙima don ya rage asarar da yake hange.

Wanda abin ya faɗa wa, abu na farko da ya kamace shi shi ne gaggawa. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya ga aibi ya yi shiru ya ci gaba da amfani da kaya ana iya ɗaukarsa ya yarda, ko da yake an yi wa matafiyin da ba shi da yadda zai yi uzuri. Saboda haka ya kira a ranar da ya gano, ya faɗi abin da babu dalla-dalla, ba tare da zagi ko kiran kowa ɓarawo ba, domin bai ga hannun da ya ɗauka ba, kuma barin ƙofar fita ga mutum kan sa ya ce "an manta ne" ya aiko da kayan a motar haya. Idan haka bai yi ba, sai ya nemi dillalin da bakaniken da suka shaida cinikin, sannan shugabannin 'yan kasuwar wurin, waɗanda maganarsu kan yi tasiri saboda sunan wurin nasu ne gaba ɗaya. Bayan nan ga kotu, inda ƙa'ida ita ce mai ƙara ya kawo hujja, mai musu kuma ya rantse. Akwai kuma dokar tarayya ta gasa da kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta tanadi cewa kaya su dace da yadda aka siffanta su, kuma hukumar na karɓar koke-koke.

Shi ma mai saye wannan ɗabi'a na iya kama shi. Akwai wanda direban da ya aika ya ɗauko masa mota ne ya sayar da safayar a hanya, ko bakanikensa ne ya ƙwaƙule indomin bayan mako biyu, amma ya ɗora wa mai sayarwa ba tare da bincike ba. Akwai wanda yake ƙara abin da bai taɓa gani a motar ba cikin jerin abin da yake nema. Haƙƙinsa shi ne a ba shi abin da aka rage ko ƙimarsa, daidai wa daida.

'Yan kasuwar da ke tsoron shiga haƙƙin mutane suna da hanya mai sauƙi da suke bi. Ranar da aka ba da kafin alƙalami ake rubuta duk abin da ke cikin motar a bayan rasit: makulli nawa, safaya da girmanta, sunan batir, jak, wilsifana, da takardun da za a miƙa. A ɗauki hotunansu da waya, shaidu biyu su sa hannu, wasu ma sukan kulle motar su ba mai saye makulli ɗaya ya tafi da shi. Ranar karɓa kuma mai sayarwa da kansa yake ɗaga shimfiɗar but, a bi jerin ɗaya bayan ɗaya, bakanike ya kwanta ya duba salansa ko akwai sabuwar walda, kafin a tura cikon kuɗi.