Ƙurar Sukuwa da Mutanen Bakin Rijiya

A Gure, babban garin ƙasar Muniyo, kimanin kilomita 170 gabas da Damagaram, idan aka idar da sallar lisha iska ta lafa, samari sukan taru gaban telebijin a rumfar mai shayi. Cikin abubuwan da ke riƙe su har dare ya raba akwai wasannin yaƙin hamada, inda ake ganin jerin mahaya sun ɓullo bisa tudu, rana na faɗuwa a bayansu. Da zarar an busa ƙaho dawaki suka zabura, sai rumfa ta kaure da sowa, har wanda bai san ko su wa ke yaƙi da wa ba yana tafi. Tuddan rairayin da ke cikin allon kuwa, sai ka ce an ɗebo su ne daga hanyar Tasker. Wannan sowa ita ta haifi tambayar da ya kamata malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su tsaya a kanta: shin ya dace mutum ya ji daɗin kallon yaƙin da aka mayar wasan kasada, alhali kakanninsa na cikin irin mutanen da kofaton ke takawa?

A ɗauki misali guda. A shekarar 1992 George Lucas ya fito da wani jerin wasanni na telebijin kan ƙuruciyar Indiana Jones, kuma kashi ɗaya daga ciki ya faru ne a Falasɗinu a lokacin yaƙin duniya na farko. Ginshiƙin labarin gaskiya ne: ranar 31 ga Oktoba 1917, da yamma lis, mahayan Ostareliya da ke yaƙi ƙarƙashin Ingila suka yi sukuwa kan ramukan sojojin Turkiyya a Birsheba, suka ci garin. Abin da ya sa su gaggawa shi ne ruwa, domin dawakinsu sun daɗe ba su sha ba, kuma ana tsoron a tarwatsa rijiyoyin garin kafin su iso. Sunan garin ma da kalmar rijiya ya soma. A cikin wasan, an aika saurayin jarumi ya ɓad da kama cikin tufafin Larabawa don ya tsare rijiyoyin. Mutumin Gure ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Ya san abin da ake nufi da dabba ta kwana biyu ba ruwa, ya san ƙarar guga idan ta taɓa laka.

To amma rijiyoyin nan na wa ne? Akwai waɗanda suka haƙa su, akwai matan da ke ɗiba, akwai makiyayan da ke jiran layi da garkensu kafin Turkawa da Ingilishi su mayar da wurin fagen daga. A allo ba su da suna, in ma sun fito to kamar kayan ado ne na kasuwa. Wasan ya ƙare da nasara da kiɗa mai daɗi, tarihi kuwa ya ci gaba: a watan Disamba 1918, bayan an tsagaita wuta, wasu mahayan rundunar Nuzilan da Ostareliya suka auka wa ƙauyen Sarafand saboda kisan soja guda nasu, suka kashe maza gommai, suka cinna wa ƙauyen wuta. Ba a yi wa wannan dare wasan kasada ba.

Faransawa ma suna da nasu. Fim ɗin Fort Saganne na Alain Corneau, wanda ya fito a 1984 aka kuma ɗauki hotunansa a Muritaniya, ya bi rayuwar wani hafsa na sojojin raƙuma a Sahara gab da yaƙin 1914. Hamada a can wuri ne da ɗan talakan Faransa ke zuwa ya gwada zuciyarsa ya sami girma, mazaunanta kuma ko dai amintattun ƴan rakiya ne ko kuwa ƙura mai tasowa daga nesa.

Shekarar nan ta sukuwar Birsheba, ita ce shekarar da ƙasar nan ta ga nata yaƙin hamada. A watan Disamba 1916 Kawusan, ɗan kabilar Ikazkazan mai alaƙa da Sanusiyya, ya iso Agadas da bindigogi da igwa da aka ƙwato daga Italiyawa, ya haɗa kai da Sarkin Abzin Tagama, suka tsare sojojin Faransa cikin barikinsu. Dalilan tawayen ba ɓoyayyu ba ne: haraji, kamen raƙuma don sufurin soja, ga kuma raunin yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba. A wancan zamani Damagaram ce hedikwatar mulkin soja, daga nan rundunar ceto ta tashi, Ingilishi na Nijeriya kuma suka ba da gudummawa. Ranar 3 ga Maris 1917 aka karya ƙawanyar. Idan da marubucin wasan kasada ne, nan zai tsaya: barikin da aka tsare kusan wata uku, ƙura daga kudu, ƙaho, runguma. Abin da ya biyo baya shi ne kisan malaman Agadas da suka fake a masallaci, da kashe-kashe a Ingal, da kwashe mutanen Abzin daga duwatsunsu zuwa kudu. An kashe Kawusan a Murzuk a farkon 1919, Tagama ya mutu a kurkukun Agadas a 1920. Hausawa sun ce in maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba.

Duk da haka, bai kamata a yi saurin yanke wa samarin rumfa hukunci ba. Tun zamanin Girkawa ake wannan muhawara. Aflatun ya ji tsoron mawaƙa da masu kwaikwayo domin suna shayar da sashen zuciya da ya kamata a bari da ƙishi. Almajirinsa Aristo kuwa ya lura cewa ɗan Adam yana jin daɗin kallon surar abin da in ya gan shi a zahiri zai kawar da kai, kuma ta wannan hanya yake koyo. Sannan doki a guje abu ne mai kyau, ba mai musun wannan. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Damagaram ranar hawan salla, ya ji kakaki da algaita, ya ga barade sun ja linzami gab da sarki har ƙasa ta tashi, ya san cewa tsikar jikin da ke tashi ba Turawa suka kawo ta ba. Malaman allo ma suna iya tunatarwa cewa sura ta 100 a Alƙur'ani ta buɗe ne da rantsuwa da dawaki masu gudu da haki, masu ƙyasta wuta da kofato, masu kai hari da asuba. Sai dai surar ba ta zauna cikin ƙurar ba: nan take ta juya ga butulcin mutum da tsananin son dukiyarsa, da ranar da za a tone abin da ke cikin kaburbura da ƙiraza. An yarda da kyan sukuwa, aka kuma bi ta da hisabi. Wasan kasada yakan ɗauki rabin farko ya yar da na biyu.

Saboda haka laifin ba ya cikin jin daɗin kansa. Yana cikin yadda ake rabon suna da fuska. Mai ɗaukar hoto yakan matso kusa da jarumi har a ga gumin goshinsa, an san uwarsa, an san budurwar da ke jiransa, in ya ji rauni kiɗa ya sauya. Wanda ke ɗaya gefen kuwa daga nesa ake nuna shi, rawani ya rufe fuskarsa, maganarsa hayaniya ce da ba a damu a fassara ba, yakan faɗo daga sirdi cikin daƙiƙa guda a wuce. A sa'a ɗaya mutum talatin na iya mutuwa haka, mai kallo bai ƙirga ko ɗaya ba. Ba ƙarya aka faɗa masa ba, domin kowane abu da ya gani yana iya yiwuwa ya faru. An dai horar da idonsa ne ya san mutuwar da ake yi wa kuka da wadda ake yi wa tafi. Horo kuwa, kamar yadda kowane malamin makaranta ya sani, da maimaici yake kama jiki. Abin da ya fi ciwo shi ne, mai rawanin da ya faɗi ya fi kama da kawun mai kallo fiye da jarumin da yake yi wa sowa.

Tun 1966 Mustafa Alasan ya hango wannan a fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu da sata da faɗa. An yi dariya, amma maganar mai nauyi ce: wanda ya ari idon baƙo, ƙauyensu zai fara gani a matsayin filin wasa.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce a juya allon, a ba namu suna da fuska, a bar Bature ya zama ƙura. An yi hakan, kuma an yi shi da kyau. Abdullahi Mamani, ɗan Gudumariya nan gabas da Gure, ya wallafa Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, aka ɗauke shi a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899 ta sami matsayin da littattafan mulkin mallaka suka hana ta. André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram da na Kawusan, ya kuma yi wasan kwaikwayo kan Sarki Tanimu. Ƙishin irin wannan ya ƙaru tun bayan ficewar sojojin Faransa a Disamba 2023, har a Oktoba 2024 aka sauya sunan titin de Gaulle na Yamai zuwa na Jibo Bakari. Al'ummar da aka shekara sittin ana koya wa ƴaƴanta jaruman wasu tana da haƙƙin ta nemo nata, kuma ba daidai ba ne a auna wanda ya ƙetaro teku ya ci ƙasa da wanda ya tsaya ƙofar gidansa a ma'auni ɗaya.

Amma laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani, kuma Gure wuri ne da ya dace a tuna da haka. A Damagaram, Tanimu shi ne sarkin da ya gina ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a cikin birni, ya tara dawaki dubbai. Waɗannan dawaki kuwa gabas suka fuskanta a wasu shekarun, har Muniyo ta koma ƙarƙashin Damagaram. Sukuwar da maroƙi ke yi wa kirari a can, a nan hari ce. Muniyo ita ma ba ta da hannu mai tsabta: lokacin da Heinrich Barth ya sauka Gure a Disamba 1852 ya gana da Muniyoma Koso, ya tarar da sarauta mai dawaki wadda, kamar sauran sarautun zamanin, kamen bayi na cikin hanyoyin samunta. Kowace fada tana da waɗanda ta mayar ƙura. Mayaƙan Kawusan ma ba ciyawa suka ci ba. Ayarin gishirin Bilma ya faɗa hannunsu, hare-hare sun kai ga manoman Damargu, waɗanda ba su aika wa kowa goron gayyata ba. Idan wasan gobe ya nuna Kawusan da fuska da kiɗa, ya bar waɗannan manoma ba suna, to an sauya mahayi ne kurum, sirdin na nan yadda yake.

Akwai kuma mutumin da ya fi kowa wuyar sakawa a wasa, wato sojan da ke bisa raƙumin Faransa. Hafsoshi ƙalilan ne Turawa. Waɗanda suka yi tafiyar daga Damagaram zuwa Agadas, suka harba, suka mutu, ƴan Afirka ne, wasu an kamo su tilas, wasu yunwa ta kai su, wasu albashi da kaki. Haka abin yake tun 1899, domin hannuwan da suka ƙona Birnin Ƙonni baƙaƙe ne, kuma su ne dai suka juya suka harbe Chanoine da Voulet a Maijirgi cikin watan Yuli. Wasan telebijin na Serge Moati, Capitaines des ténèbres, ya tona asirin hafsoshin biyu ba tare da ado ba, duk da haka haukan Bature ne a tsakiyar labarin. Wasan Bature ya ɗauki wannan soja a matsayin bawa mai biyayya, wasan kishin ƙasa zai so ya kira shi maci amana ya huta. Jikokinsa kuwa suna zaune a aji ɗaya da jikokin wanda ya harba, wataƙila a benci ɗaya.

Ƙasar da ta haifi ƙungiyar wasan Damagaram ta su Yazi Dogo, wadda ta riƙe masu kallon Télé Sahel shekaru da zaure da tabarma da magana kawai, ba ta rasa kayan aikin da za ta gwada wata hanya ba. Ba a buƙatar doki ɗari. Rijiya ɗaya ta isa, a wani kwari tsakanin Gure da Kutus, cikin bazarar 1917. Da hantsi sojojin raƙuma su sauka su sha, su tafi da amale biyu da sunan aro. Da la'asar waɗansu mahayan su iso daga arewa, su ma da ƙishi, su ma da hujjarsu, su buɗe rumbu. Tsakanin zuwan farko da na biyu, mai rijiyar da matarsa suna gardama kan ko su kwashe yara su yi kudu, ko su tsaya saboda ruwan bai ƙafe ba tukuna.